Zabuwa da Danginta: Yadda Ake Dasa Su da Renonsu a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wanda ya buɗe wannan mujalla ya yi mamakin cin karo da zancen dashe da ban ruwa a tsakiyar maƙalun nahawu da waƙa. Uzurina shi ne, harshe ba ya cika sai ya iya ɗaukar kowane fanni na ilmi, kuma sunayen tsirrai wata babbar taska ce ta kalmomin Hausa wadda mu ɗalibai muka yi wa riƙon sakainar kashi. Da yawanmu mun san alobera da masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titi, amma in aka ce mana zabuwa, sai hankalinmu ya tafi ga tsuntsuwa, alhali kuwa akwai wata zabuwar da ba ta tashi, wadda ke tsirowa a dawa da gindin duwatsu, kuma ita da alobera 'yan gida ɗaya ne.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, waɗannan tsirrai ba ƙishirwa ke kashe su a hannunmu ba. Yawan hidima ke kashe su. Na faɗi haka ne da bakin wanda ya gwada, domin alobera ta farko da na mallaka, a shekarata ta farko a jami'a, na ajiye ta a tagar ɗakin kwana ina ba ta ruwa safe da yamma kamar mai renon alayyafo. Ba ta yi wata biyu ba, wata safiya na taɓa ta sai kan ya tuge a hannuna, gindin ya yi baƙi yana wari. Ruwa ba ya tsami banza. Neman dalilin wannan hasara shi ya haifar da abin da ke tafe.

Sunaye da Asali

Da farko sai mun daidaita a kan kalmomi biyu. Tsirran da ke tara ruwa a jikinsu domin lokacin fari zan kira su masu rumbun ruwa. Wasunsu a kara suke tarawa, kamar tinya da ƙerana da karan masallaci, kuma ba su ne abin magana a yau ba. Waɗanda muke nufi a ganye suke tarawa, kuma ganyen nan ba ya jeruwa a kan dogon kara, sai dai ya fito a kewaye daga cibiya guda, sabo a tsakiya tsoho a baki, tamkar yadda mai saƙar faifai ke farawa daga tsakiya tana kewayowa. Wannan siffa zan kira ta zubin faifai. In malamai suna da kalmar da ta fi dacewa, a shirye nake in karɓa.

Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa, ya kawo sunayen zabo da kabar giwa a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa da aka buga a 1916. Dukansu sunaye ne na mutanen da suka dubi abu da kyau kafin su raɗa masa suna. An ce zabo ko zabuwa saboda fararen ɗige-ɗigen da ke jikin ganyen, irin na gashin zabo. An ce kabar giwa domin ganyen yana fitowa daga ƙasa a tsaitsaye kamar kaba, sai dai kaurinsa ya fi ƙarfin a yi tabarma da shi, watau dai kaba ce da ta dace da giwa. A wancan lokaci masana suna kiran wannan tsiro Aloe barteri, don tunawa da Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin binciken kogin Kwara a 1857, ya kuma rasu a 1859. Daga baya aka gano sunan ya haɗa iri fiye da ɗaya. Waɗanda ake samu a dazuzzukanmu su ne Aloe buettneri da Aloe schweinfurthii da Aloe macrocarpa, kuma Bahaushe duk zabuwa yake ce musu.

Dangin Aloe suna da iri fiye da 500, mafi yawansu a kudanci da gabashin Afirka da Madagaska da Tsibirin Larabawa. Ita alobera baƙuwa ce a wurinmu. Binciken da aka yi a kan tsatsonta ya nuna daga Tsibirin Larabawa ta fito, fatake da matafiya suka yaɗa ta a duniya tun zamani mai nisa. Akwai kuma moda, wadda kakanninmu ke fid da zare daga ganyenta su yi tsirkiyar baka, ita ma tana cikin masu wannan zubi, ko da yake ganyenta zare ya fi yawa a cikinsa bisa ga ruwa. Sa'an nan ga baƙin da suka shigo ta hannun masu lambun furanni: Echeveria mai kama da fure, daga tsaunukan Meziko, Agave mai ƙaya a bakin ganye, ita ma daga can, Haworthia 'yar ƙarama daga Afirka ta Kudu, Aeonium daga tsibiran Kanari, da Sempervivum daga duwatsun Turai. Na lissafa garuruwansu ne da gangan, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wanda bai san gidan tsiro ba, da wuya ya san abin da yake bukata.

Halittarsu

Wanda ya tsaga ganyen alobera zai ga abu uku: fata mai kauri da santsi, wani ruwa rawaya mai ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin fatar, da kuma farin nama mai yauƙi a tsakiya. Naman nan shi ne rumbun, kuma fiye da kashi 98 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Fatar kuwa tana da wani shafe kamar kakin zuma wanda ke hana ruwan tsiyayewa cikin iska.

To amma babbar dabarar tana wajen numfashi. Kowane ganye yana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita. Gero da dawa da alayyafo da rana suke buɗe nasu ƙofofin, saboda haka ruwa mai yawa ke fita daga jikinsu, shi ya sa suke yaushi da azahar. Zabuwa da danginta kuwa sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, suke buɗewa. Su shaƙi iskar, su mayar da ita wani sinadari mai tsami su ajiye, gari na wayewa su rufe ƙofa, sa'an nan su yi amfani da hasken rana su sarrafa abin da suka tara. Tun farkon ƙarni na 19 wani likita mai suna Benjamin Heyne ya lura a Indiya cewa ganyen wani tsiro mai rumbun ruwa yana da tsami da safe, amma kafin yamma tsamin ya tafi. Abin da ya ɗanɗana ke nan, ko da yake sai bayan shekaru masu yawa aka fahimci dalilinsa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani, kuma a kansu reno ya dogara. Na ɗaya, tsiron da ke rufe ƙofa yini guda ba ya jan ruwa daga ƙasa da sauri, saboda haka ruwan da aka zuba masa zai daɗe kwance a gindinsa, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Na biyu, yana bukatar dare mai ɗan sanyi. Wannan ne ya sa Echeveria, wadda ta saba da sanyin daren tsauni, take jin daɗin Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, amma take galabaita a Kano ko Sakkwato cikin bazara. Sempervivum kuwa, wadda ta saba kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, shawarata kada ɗalibi ya ɓata kuɗinsa a kanta.

Shi zubin faifai yana da nasa amfani. Ganyen waje yana yi wa na ciki inuwa, yana kuma rufe ƙasar da ke gindi, sa'an nan duk raɓa ko yayyafin da ya sauka sai ya gangara zuwa saiwa. A yawancinsu kowane sabon ganye yana fitowa ne nesa da wanda ya gabace shi da kimanin digiri 137, ta yadda ba wanda zai zauna daidai a kan wani ya tare masa haske. Alobera tana ƙarama ganyenta sahu biyu yake yi, dama da hagu, da ɗige-ɗige irin na zabuwa, sai ta girma sa'an nan ta fara kewayawa, ɗigon kuma ya dushe.

Tukunya da Ƙasa

A nan mun yi sa'a, domin abin da ya fi dacewa shi ne abin da ya fi araha. Tukunyar ƙasa ta maginanmu, wadda ba a yi wa shafe ba, tana tsattsafo da ruwa ta jikinta kamar yadda randa ke yi, ƙasar ciki ta bushe da wuri, saiwa kuma ta sami sanyi. Tsohuwar tukunya da ta tsage ma ta wadatar. Sharaɗi guda ne ba a sassautawa: lalle a huda gindinta, a ɗora ɗan tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Gwangwani da bokitin roba suna riƙe ruwa, kuma rana na gasa su. Baƙar ledar da ake sayo tsiron a cikinta kuwa, a raba shi da ita da zarar an iso gida, a karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwar, domin galibi laka ce da taki, irin wadda aka haɗa don mangwaro da gwaiba. Kada tukunya ta fi tsiron girma ƙwarai. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, ruwa kawai take ajiyewa.

Haɗin da na ga ya yi mini kyau shi ne awo biyu na yashin rafi mai tsakuwa, awo ɗaya na ƙasar jigawa, da awo ɗaya na burji ƙanana ko dakakken gawayi. In za a sa taki, a sa ɗan kaɗan wanda ya shekara ya ruɓe sarai. Ƙasar fadama ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa haɗin a dunƙule a hannu, in ya tsaya kamar curin fura, laka ta yi yawa, in ya wargaje da an buɗe hannu, ya yi daidai. Wajen dasawa kuma kada a binne gindin ganye. Wuyan tsiron ya tsaya daidai fuskar ƙasa, a zagaye shi da tsakuwa.

Ban Ruwa da Lokutan Shekara

Wannan shi ne wurin da littattafan ƙasashen sanyi suka fi ɓatar da mu. Su suna cewa a yawaita ruwa lokacin zafi, a rage lokacin sanyi, domin shekararsu a kan zafi da sanyi ta rabu. Tamu kuwa a kan ruwa da rashinsa ta rabu, kusan duk ruwan shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Saboda haka dole mu tsara namu lissafin a kan damina da kaka da hunturu da bazara.

Ƙa'idar da ba ta sauyawa ita ce, in za a ba da ruwa a ba da shi sosai har ya fito ta hudar gindi, sa'an nan a ƙyale tukunya har ƙasar ta bushe ƙaƙas. Ɗan yayyafi kullum shi ne mafi muni, domin sama ba ta bushewa, ƙasa kuma ba ta jiƙa. A soka tsinke har gindin tukunya. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a dakata. Kuma a zuba ruwan a ƙasa, kada a zuba shi cikin cibiya, domin can sabon ganye yake, in ruwa ya kwana a ciki ruɓa ta samu ƙofa.

Damina ita ce lokacin hatsari, musamman watan Agusta, sa'ad da akan kwana biyu ko uku ana marka. Duk tukunyar da ke fili a janye ta zuwa ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske ke shiga, a kula kada ta zauna a bakin indararo, a kuma ɗora ta a kan bulo don kada gindinta ya zauna cikin ruwa. Alobera da ke dashe a ƙasa tana jure damina in an yi mata tudu kamar kunyar dankali. Echeveria kuwa kada ruwan sama ya riƙa dukanta ko kaɗan. Da kaka ta shigo, dare ya fara sanyi, a nan suke murmurewa su yi sabon ganye, kuma shi ne lokacin da na fi so don sauya tukunya da raba 'ya'ya. Cikin hunturu iska busasshiya ce, amma girma yana raguwa. A wurina ruwa sau ɗaya cikin mako biyu ko uku yana isa. Ƙurar da ke taruwa a cibiya a hure ta ko a share da gashin kaza. Sai dai a lura, farin garin da ke jikin Echeveria ba ƙura ba ne, kariyarta ce daga rana, in an goge shi ba ya dawowa a wannan ganye. Cikin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Kano da Maiduguri, tukunyar ƙasa na bushewa cikin 'yan kwanaki, sai a ba da ruwa kamar mako-mako, da yamma bayan tukunyar ta huce.

Tamu zabuwar ta dawa, watau Aloe buettneri, ta saɓa wa baƙin nan, kuma labarinta ya fi ba ni sha'awa. Ita 'yar ƙasa ce, ta san damina. Cikin ciyawa take tsirowa, da damina take yin ganye, rani na shigowa ganyen ya bushe, abin da ya rage shi ne wani kumburarren gindi kamar albasa a cikin ƙasa, wanda ko gobarar daji ta bi ta kansa yakan sake tohowa. Wanda ya dasa ta a tukunya bai san haka ba, sai ya ga ta bushe ya ce ta mutu ya zubar, ko kuwa ya dage da ban ruwa don ya farfaɗo da ita, ya ruɓar da ita tana barci. Abin da take so shi ne a bar ta cikin ruwan damina, a kuma ƙyale ta da rani. Su kuwa sauran biyun, da aka fi samu a kan duwatsu, suna riƙe ganyensu duk shekara, renonsu ya fi kusa da na alobera.

Game da rana, ganye da kansa yake ba da labari. In haske ya yi kaɗan, sai faifan ya buɗe, ganye ya yi tsawo ya yi fari-fari ya kwanta, tsiron ya karkata wajen taga. In rana ta yi yawa, alobera takan rine ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa, wannan ba ciwo ba ne, tana komawa kore in ta sami inuwa. Amma farin tabo busasshe ƙuna ce, ba ta warkewa. Wurin da ya fi shi ne gabashin ɗaki, inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta kafin azahar. Wadda ta daɗe a ɗaki kada a fitar da ita tsakar rana kai tsaye, a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.

Yaɗawa da Abokan Gaba

Alobera da moda da Haworthia suna fid da 'ya'ya a gindi. In ɗan ya kai tsawon tafin hannu, a tone a raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, da 'yar saiwarsa. A nan ne manomi zai ga abin da ya saɓa wa duk abin da ya sani: ba a dasa shi nan take. Sai a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin yankan ya bushe, a dasa a busasshiyar ƙasa, a ƙara mako guda kafin a ba shi ruwa. Echeveria kuwa ganye guda ya isa iri. A murɗe shi a hankali ya fita ɗungum, a kwantar a kan yashi a inuwa, bayan 'yan makonni sai saiwa da ɗan ƙaramin faifai su ɓullo a gindinsa. Wannan dabara ba ta ci a ganyen alobera, ruɓewa yake yi. Akwai kuma bambanci wajen fure da ya kamata a sani: zabuwa da alobera suna yin fure shekara bayan shekara, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suna zuwa shan zaƙinsa, amma yawancin Agave sau ɗaya suke fure bayan shekaru masu yawa, su miƙa dogon kara, uwar ta mutu ta bar 'ya'ya.

Wanda ya je daji ya ga zabuwa, ina roƙonsa kada ya tumɓuke ta duka. Ya ɗauki ɗa guda ko ya jira ƙwayar irin ta nuna. Gonaki suna ta cin dawa, kuma tsiron da ke shekaru kafin ya yi fure ba ya mayar da gurbinsa da sauri. Ba banza ba yarjejeniyar duniya ta cinikin tsirrai da namun daji ta sa ido a kan fitar da dangin Aloe daga ƙasa zuwa ƙasa, in ban da alobera da ake nomawa.

Abokan gaba ba su da yawa. Akwai wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke ɓuya a tsakanin ganye yana tsotsar ruwa. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, duba da kyau, domin zaƙin da yake fitarwa suke bi. A goge shi da auduga da ruwan sabulu, a maimaita bayan mako. Kaji na tone tukunya, gara kuma na shiga ta hudar gindi in an ajiye ta a ƙasa. Ruɓa dai ita ce babba, kuma tana da yaudara, domin tsiron da saiwarsa ta mutu yana yaushi kamar mai jin ƙishirwa, mai shi ya ƙara masa ruwa. Bambancin shi ne, ganyen mai ƙishirwa yana yin siriri ya yanƙwane amma gindi na nan da ƙarfi, na mai ruɓa kuwa yana yin rawaya ya yi laushi tun daga ƙasa. In an farga da wuri, a tuge shi, a yanke duk inda ya yi baƙi har a iske fari tas, a barbaɗa toka ko garin gawayi, a shanya a inuwa mako guda, a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Da na san haka a shekarata ta farko, da watakila na ceci tawa.

Saura kalma guda ga masu dasa alobera don magani, tun da yawancin gidajen da na gan ta dalilin ke nan. Farin naman ciki ana shafa shi a ƙaramar ƙuna da kaushin fata. Ruwan nan rawaya mai ɗaci kuwa wani abu ne dabam: yana sa gudawa mai tsanani da murɗar ciki, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta cire shi a 2002 daga cikin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba, kuma mai juna biyu ta nisance shi. In za a yanki ganye, a zaɓi na waje wanda ya ƙosa, a yanke shi daga tushe, a jingine shi a kofi bakin yankan yana ƙasa har ruwan ɗacin ya tsiyaye, sa'an nan a fere. Kada a ɗebi fiye da ganye biyu ko uku a lokaci guda, kuma kada a taɓa na tsakiya, domin daga nan sabon ganye ke fitowa.